Masaukin Munzali

Funtuwa,
farkon watan Rabi'u Lahir.

Zuwa ga ƙanwata Suhaila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hisham da ɗiyata Raihana. Yaya jikin babanki, Kawu Abdulƙadir? Gwiwar tana barinsa ya sauka masallaci kuwa? Mu nan lafiya lau, sai Inna da hawan jininta, yau ya hau gobe ya sauka. An koma makaranta, bana ma aji huɗu aka ba ni.

Za ki yi mamakin ganin rubutu maimakon murya. Na tuna yadda gidanku yake ne: in an kunna saƙo a falo, har mai wanke-wanke a kicin sai ta amsa gaisuwa. Boko kuwa ke kaɗai kike karantawa a gidan.

Ashe ke ma kina kallon shirin nan na 'yan sanda da ake sakawa duk Juma'a. Na ga sunanki cikin masu sharhi a ƙarƙashin kashi na tara, wanda 'yan unguwa suka jefi shagon Lawandi bayan ya fito daga gidan yari ya kama kafinta. Mutane suna ta rubuta a rataye shi, a dandaƙe shi, ke kuma kika rubuta: "Haba jama'a, mutum ya gama zaman da aka yanke masa, ku bar shi ya nemi abincinsa." Na karanta na sake karantawa. Shi ya ba ni ƙarfin rubuto miki wannan.

Ƙanena Munzali ya fito. An gaya muku rigimar fili ce ta kai shi gidan yari. Ba rigimar fili ba ce. Abin da Lawandi ya yi a shirin, shi ya yi. Yarinya ce 'yar shekara takwas, 'yar maƙwabtanmu, yana koya mata darasi da yamma. An kama shi, bai musa ba, aka yanke masa shekara bakwai, ya yi su. Na faɗa miki a fili don ban iya kewaye-kewaye ba, kuma ba na so ki ji a bakin wani.

Yanzu Inna ta ƙudurta sai ya zo Umra cikin Rajab, ya tsaya gaban Ka'aba ya nemi gafara. Har ta riga ta kira Kawu. Kin san yadda take ji da shi: 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ita a wajenta ciki ɗaya suka fito, ko da yake sau biyu kawai suka taɓa ganin juna. Kawu ya ce marhaban, ɗaki na nan. Bai san komai ba, kuma Inna ta ce kada ya sani.

Kin fi ni sanin dokar gidanku. Tun daga kan kakanki, jininmu bai taɓa sauka a otal a Makka ba. Ni ma a ɗakin baƙin nan naku na kwana shekarar da na zo. Idan Munzali shi kaɗai aka ga ya sauka a otal, daga Funtuwa har Jidda sai an tambayi dalili.

Abin da nake roƙo shi ne ki karɓe shi kamar kowane baƙo, ki bar maganar a cikinki. Mako biyu ne. Na san akwai Raihana a gidan, shi ya sa ban yarda a yi abin ba da saninki ba.

Idan kin shiga Harami ki sa mu a addu'a kamar yadda kika saba: Inna, da Munzali, da 'yata, ɗiyarki Sakina, jarrabawarsu na tafe.

Taki,
Rumasa'u.

*

Funtuwa,
farkon watan Jimada Lawwal.

Ƙanwata Suhaila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida duka. Inna na gaishe da Kawu, jikinta da sauƙi sosai kwanan nan.

Na ga alamar kin buɗe wasiƙata tun ranar da na aiko, kuma wata guda ke nan ba ki ce komai ba. Na san halinki, da ba ki yarda ba da tuni kin kira ni kin wanke ni tas. Saboda haka na ɗauka kin amince, kunyar faɗa kawai kike ji. Allah ya saka miki da alheri, ya raya Raihana.

Na gaya wa Inna an gama magana. Ranar ta ci tuwo malmala biyu, abin da ta daɗe ba ta yi ba. An kai fasfo wajen eja, an ce biza ba za ta daɗe ba. Inna ta fara haɗa muku tsaraba: kuka, daddawa, yajin Kawu marar barkono da yawa, da kilishi.

Kin ga kashi na goma? Inda Lawandi yake zaune gaban likitar nan yana cewa shi kansa tsoron kansa yake ji. A ɗakin malamai mun kusa raba hali a kansa. Malamar aji shida ta ce masu shirin wanke masu fyaɗe suke yi, malamin lissafi ya ce ai ba a rufe wa kowa ƙofar tuba ba. Ni ina zaune ina duba littattafan yara. Duk sun san ko ni yayar wace ce, sai dai sun mance na ɗan lokaci.

A addu'a: Inna, Munzali, Sakina.

Taki,
Rumasa'u.

*

Shisha, Makka,
tsakiyar Jimada Lawwal.

Yaya Rumasa'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya alhamdu lillahi. Baba yana sauka masallaci sallar Azahar da La'asar, sauran a gida yake yi a kan kujera. Hisham yana kan hanyarsa ta Jidda da Madina da bas, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Raihana ta shiga aji huɗu, Hausarta na nan yadda kika bar ta, rabi da rabi. A gaishe da Gwaggo, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Yaya, shiru ba i ba ne. Shiru shiru ne. Wasiƙarki ta same ni a shago, ina tsakiyar gwada wa wata mata abaya. Na ba ta wadda ta fi ta tsayi da taƙi guda, ta fita tana share titin Zahir da ita, ban ma lura ba sai da ta dawo washegari tana faɗa. Tun daga ranar nake rubuta amsa ina gogewa. Ke kuma kin je kin ciyar da Gwaggo tuwo a kan maganar da ban yi ba.

Sharhin nawa ne, ban musa ba, kuma ban goge shi ba, don har yanzu haka nake gani: a bar mutum ya nemi abincinsa. Abinci na ce, Yaya. Ban ce shimfiɗa ba. Lawandi a cikin wayata yake zaune. In na danna ya tsaya, in na kashe ya tafi. Ba ya bi ta gaban ɗakin 'yata ya shiga banɗaki.

Na koma na kalli musalsal ɗin nan, wato shirin, daga farko da idon da kika ba ni. Wallahi sun san aikinsu. Sun zaɓo mai fuskar tausayi, sun ba shi tari, sun ba shi tsohuwar uwa, duk inda ya sunkuyar da kai sai a sako sarewa. Yarinyar fa? A kashi na biyu aka nuna bayanta tana shiga mota da iyayenta, halas, shi ke nan, ba a sake ganinta ba. Ko suna ba su ba ta ba. Ita kanta 'yar sandan "yarinyar" take cewa. Na bi sharhin mutane har ƙasa, na tarar da wata ta rubuta: "Ni aka yi wa irin wannan. Har yau ba na iya zama a ɗaki da namiji a rufe ƙofa. Ni ba a yi shiri a kaina ba." Mutum uku suka danna mata alamar so. Nawa sharhin, ɗaruruwa.

Yanzu bari in tuna miki gidanmu, tun da kin mance. Tun da muka taso daga unguwar Jarwal, ɗaki uku ne da ɗakin baƙi. Ni ina shago daga La'asar zuwa Isha. Hisham ba ya nan. Baba in ya dawo La'asar sai ya cire abin jinsa daga kunne ya kwanta, ko gini ne ya faɗi ba zai ji ba. Wa ya rage a gidan?

Kuma kin san ba ɗaki kawai muke ba baƙo ba. Ƙaramin gida shi ke yi masa hidima, haka Baba ya taso, haka na taso. Raihana ce ke kai gahawa da dabino, ita ke raka baƙo kanti ta yi masa tafinta da mai kantin, ita ke nuna masa inda zai hau mota zuwa Harami. Baƙo ya dafa kanta ya sa mata albarka, ta dawo tana taƙama. Ke ma ni na yi miki rakiya lokacin ba ta da wayo. In na hana ta wannan karon, Baba zai tambayi dalili. In ban hana ta ba, ban san sunan da zan kira kaina ba.

Ba na ƙin Munzali, ban san shi ba balle in ƙi shi. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushinki kaɗan, don kin ɗora mini abin da ya kamata ki ɗora wa mai gidan. Gidan Baba ne, dokar tasa ce. Ko dai Munzali ya kira shi da bakinsa ya gaya masa abin da ya yi, ko ni in gaya masa. Na ba ku zuwa ƙarshen watan nan.

Tambaya biyu, ki amsa mini. Tun da Munzali ya fito a gidanku yake, to ita Sakina a ina take kwana? Sannan yarinyar, mene ne sunanta?

Na yi muku addu'a ranar Juma'a, duk ukun, kamar yadda kika ce.

Ƙanwarki,
Suhaila.

*

Funtuwa,
ƙarshen Jimada Lawwal.

Suhaila,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta je asibiti ranar Talata an canza mata magani. Ina gaishe da Kawu da Raihana.

Na ga amsarki. Na yi fushi, ya wuce. Laifina ne da na yi wa shirunki fassara, na karɓa.

Ban ce miki Munzali ya zama waliyyi ba. Ban san abin da ke cikin mutum ba, da na sani da abin bai faru a zauren gidanmu ba. Abin da idona ke gani shi zan faɗa. Ya koyo ɗinki a gidan yari, wani tela a bakin kasuwa ya ba shi keke a lungun shago. Daga shago sai masallaci, daga masallaci sai gida. A can akwai malamin da ke zama da su, da wata jami'a da ke sa su faɗi abin da suka yi da bakinsu, ba tare da sun ce shaiɗan ne ba. Ya ce wannan ya fi masa zaman wuya. A masallacin unguwa akwai waɗanda in ya shiga sahu sai su canza wuri. Shi dai sallarsa yake yi ya fita. Ya rame, furfura ta fito masa, shekararsa talatin da shida.

Ki kalli kashi na goma sha biyu in ba ki kalla ba. Yarinyar da ta ɓace aka kama Lawandi a kanta, ashe mutumin nan mai raba wa marayu shinkafa ne ya ɗauke ta. Wanda aka sani shi ake tsaro, wanda ba a sani ba yana cikin falo ana zuba masa shayi. Baƙi nawa kuka sauka a ɗakin nan, Suhaila? Wa kuka taɓa bincika? Munzali kaɗai ne aka gaya miki gaskiya a kansa, kuma gaskiyar ce za ta sa a rufe masa ƙofa. Masu sharhin da suka ce a rataye Lawandi, yanzu su ne ke rubuta "Allah sarki bawan Allah". Ban ga abin dogaro a ra'ayin mutane ba, ko na can ko na nan.

Na gaya wa Munzali sharaɗinki. Ya ce bakinsa ba zai iya faɗa wa Kawu ba, in an fasa tafiyar a fasa. Inna ce ba za ta fasa ba. Biza ta fito, ta kira dangi kaf ta sanar. Idan Kawu ya ji ya ce ba ya so, Inna za ta ji, kuma likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali. Ba barazana nake yi miki ba, ina nuna miki abin da ke ɗaya gefen ne kawai.

Sakina tana wajen kakarta ta wajen uba a unguwar Jabiri, makarantarsu ta fi kusa daga can. Sunan yarinyar kuma ban ga amfanin da zai yi miki ba. Sun tashi daga unguwar tuntuni.

Ina roƙonki kada ki gaya wa Kawu. Ki ɗauki hutu a shago, ko ki kai Raihana wajen wata ƙawarki ki ce karatu za ta yi. Mace ba ta rasa dabara.

A addu'a: Inna, Munzali, Sakina.

Rumasa'u.

*

Shisha, Makka,
tsakiyar Jimada Lahir.

Yaya Rumasa'u,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Sanyi ya ɗan shigo, gwiwar Baba ta san da zuwansa. Allah ya sa sabon maganin ya karɓi Gwaggo.

Na gaya wa Baba.

Maganarki a kan baƙin da ba mu bincika ba gaskiya ce, ta hana ni sukuni, kuma daga yanzu ko wa ya zo Raihana ba za ta sake raka shi ita kaɗai ba. Amma rashin sanin na jiya ba zai sa in rufe ido a kan wanda na sani ba. Dabarar da kika ce kuma na auna ta. Ma'anarta in kori 'yata daga gidansu, in yi wa ubana ƙarya a kan shimfiɗarsa, don baƙo ya sake. Ban iya ba.

Ranar Asabar bayan Azahar na tura Raihana wajen maƙwabta, na dafa gahawa na kai masa. Kin san kunnen Baba. Maganar da ya kamata a yi ta ƙasa-ƙasa, sai da na ɗaga murya kamar mai tallan ruwa, kuma sau biyu, don karon farko cewa ya yi, "Fili? Ai na san da maganar fili." Na ce, "Ba fili ba, Baba. Yarinya." Na faɗi sauran.

Ya ajiye finjalin bai sha ba. Can ya ce, "Shekararta nawa?"

Na ce, "Takwas, a lokacin."

Ya dubi ƙofar ɗakin Raihana. Sannan ya ce, "Ubana da ƙafa ya zo garin nan. Daga Chadi har bakin teku a gidajen mutanen da ba su san shi ba yake kwana, ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya baro a gida. Shi ya sa ya ce ba a mayar da baƙon Allah daga ƙofarmu. Ni ba zan fara ba."

Na ce, "To ni zan kwashe 'yata mu koma Jidda wajen dangin Hisham sai ya tafi."

Ya ce, "Zauna, ke dai da gaggawa kamar uwarki. Wa ya ce Raihana za ta bar gidansu? Baƙo nawa ne, ba nata ba. Miƙo mini waya."

Amininsa ya kira, Ammu Yunus, wanda ke da tsohon gida a Jarwal yana saukar da alhazai. Akwai ɗaki a hawa na uku da babu kowa sai Ramadan. Baba ya ce a share, a sa katifa biyu. Ammu Yunus ya ce biyu na mene ne? Baba ya ce, "Ɗaya tawa."

Yaya, gidan Ammu Yunus ba shi da lif. Mutumin da sallah uku yake yi a kan kujera shi zai hau bene uku. Na yi magana, Hisham ya yi magana da ya dawo, har ya ce shi zai ɗauki hutu ya zauna da baƙon, ko da yake yadda ya faɗe ta ban so a bar su su biyu a ɗaki ba. Baba ya ce masauki ba ɗaki ba ne, mai gida ne, inda yake nan ne gidan Abdulƙadir. Ya ce tun da ba ƙaramin da zai kai gahawa, babba zai kai.

Ga saƙonsa gare ki. Ki gaya wa Gwaggo ya zaɓi Jarwal ne don ya fi kusa da Harami, da ƙafa ma ana zuwa, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Ba zai ɗaga mata maganar ba har abada. Munzali ba zai taka Shisha ba, ko gaisuwa. Sannan ya ce in gaya miki kin kyauta da kika faɗa, amma da shi ya kamata ki fara.

Ni kuma kwana biyu bai yi mini magana ba, don na riƙe abin wata biyu. Na ga alama kowa sai da ya samu rabonsa.

Kashi na goma sha biyun na kalla. Sun nemo wanda ya fi Lawandi muni don mu ji sauƙin yafe masa. Wannan dabarar masu shiri ce, ba ta canza abin da ya yi wa ta farkon ba.

Har yanzu ba ki gaya mini sunanta ba.

Ƙanwarki,
Suhaila.

*

Shisha, Makka,
ƙarshen Rajab.

Yaya Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ba ki amsa ta baya ba, ni kuma ba zan yi wa shirunki fassara ba. Muna lafiya, ban da Baba da ke kwance ƙafa a kumbure, likita ya ce hutu kawai take so. Jiya Hisham ya kai Munzali filin jirgi, ina fatan ya iso lafiya. Tsaraba ta iso, a yi wa Gwaggo godiya, miyar kuka muka sha ranar.

Ga abin da na sani, daga bakin Baba. Ranar da Munzali ya sauka, bayan sun ci abinci, Baba ya ce masa, "Na san abin da ya kai ka gidan yari. Ga shimfiɗarka, ga tawa. Duk inda za ka, da ni." Munzali ya ce to. Ba su sake tayar da maganar ba. Shi ya tura Baba a keke suka yi ɗawafi da sa'ayi, shi ke goya shi a matakala in gwiwar ta ƙi. Baba kuma bai bar shi ya zuba wa kansa gahawa ko sau ɗaya ba. Ya ce Munzali yana yawan kuka a Harami, kuma in yara suka shigo sahu kusa da shi yakan tashi ya koma wani wuri.

Na tambayi Baba, "To ya shiryu?" Ya ce, "Yana da ladabi." Na ce ai iyayen yarinyar ma ladabin suka gani suka ba shi ita. Ya ce, "Shi ya sa na kwana a bakin ƙofa."

Sau ɗaya na gan shi, daga cikin mota, ranar da na kai musu abinci. Mutum ne kawai, siriri, da aski sabo, yana riƙe da takalman Baba. Ba sarewa, ba komai. Ban ji tausayi ba, ban ji ƙiyayya ba, na miƙa kular na ce direba ya ja.

Raihana ta yi fushi da ni sosai. Mako guda tana haddace "Sannu da zuwa Kawu, yaya hanya, yaya mutanen gida", ba ta samu wanda za ta faɗa wa ba. Na ce mata wannan baƙon na kakanta ne shi kaɗai. Ta ce ba adalci. Na ce haka ne. Na kuma zaunar da ita na yi mata maganar da ya kamata in yi tun bara, a kan jikinta da wanda ba shi da izinin taɓa shi, ko da Kawu take ce masa.

A cikin jakar Munzali za ki ga 'yar leda da awarwaro shuɗaye. Shi ya saya wa Raihana, ya ba Baba ya kawo. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya saya. Na mayar, ki ba shi haƙuri ko kada ki ba shi, duk ɗaya ne a wajena.

Musalsal ɗinmu ya ƙare, ko kin gani? Maƙwabciyar Lawandi za ta kasuwa, ta kawo 'yarta shagonsa ta ce ya riƙe mata. Aka sako kiɗa, aka rubuta sunayen 'yan wasa. Masu sharhi suna ta kuka. Na nuna wa Baba a waya, ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Da ya tuba da gaske, da shi zai ce mata a'a." Ban rubuta sharhi ba wannan karon.

Ƙanwarki,
Suhaila.

*

Funtuwa,
tsakiyar Sha'aban.

Ƙanwata Suhaila,

Wa alaikumus salam. Munzali ya iso lafiya. Yaya ƙafar Kawu? Ki durƙusa ki gaishe mini da shi, ki ce ban san da wane baki zan yi masa godiya ba, kuma ina jin kunyarsa. Inna tana cikin farin ciki, duk wanda ya shigo sai ta ba shi labarin yadda ɗan'uwanta ya bar gidansa ya tare da ɗanta kusa da Harami saboda karamci. Jininta bai hau ba tun da ya dawo.

An yi ta zuwa sannu da zuwa. Har waɗanda ke canza masa sahu sun zo shan zamzam. Yaran unguwa ma sun taru karɓar dabino kamar yadda ake yi. Na ɗauki farantin na fita ƙofar gida na raba musu da hannuna, ban bar ko ɗaya ya wuce zaure ba.

Makarantar Sakina ba ta fi kusa daga Jabiri ba. Mota biyu take hawa. Ranar da aka ce Munzali zai fito na haɗa mata kaya, kuma tun daga ranar ba ta kwana a gidan nan ba. Kin riga kin gane, na sani, amma gara in rubuta da hannuna. Ƙanena ne, ni na goya shi, ina sonsa, kuma ban yarda da shi ba. Duka biyun suna nan, ba wanda ya kori wani.

Shekaranjiya Inna ta ce tun da ya je ya wanku, a dawo da Sakina gida ta yi azumi da mu. Ina neman abin da zan ce, sai shi ya riga ni daga bakin ƙofa. Ya ce, "Inna, a bar ta inda take." Inna ta yi ta faɗa. Ban sani ba ko tuba ce, ko tsoron kansa ne, ko abin da ya koyo a wajen Kawu. Ban tambaye shi ba. Sakina tana Jabiri, can za ta yi azumi, ni zan riƙa zuwa muna buɗa-baki tare.

Awarwaron na ba shi. Ya karɓa ya ce daidai ne.

Kashin ƙarshen ban kalla ba, kuma ba na jin zan kalla.

Yarinyar, sunanta Murjanatu. Tana da wushirya, tana son lissafi, shi ya sa ubanta ya sa ta a darasin. Sun koma Bakori bayan shari'ar. Yanzu shekararta goma sha biyar, na ji an ce ba ta koma makaranta ba. Shekara bakwai ina aiko miki da sunaye, ban taɓa sa nata ba.

Idan kin shiga Harami, ki fara da ita.

Taki,
Rumasa'u.